Bulubari a Yamai da Tawa: ruwa ne farko, tukunya ta biyu, sannan zafin bazara

Bulubari ɗan itace ne ƙanƙane, shuɗi mai duhu, girmansa bai wuce na magaryar daji ba. Wanda ya gan shi a Yamai, to a firijin manyan kantuna ya gan shi, cikin ɗan kwalin roba, da tsada ba kaɗan ba. Masu Faransanci na ce masa mirtil. Tun da labari ya bazu cewa ana noma shi a hamadar Peru da kudancin Maroko, masu garka a gida suke tambaya: in ya yi a can, me zai hana shi yi a nan? Ana iya raya shi a nan, amma ba a ƙasa ba, ba da kowane ruwa ba, ba kowane iri ba. Ko an cika waɗannan sharuɗɗa duka, Afrilu da Mayu na iya ganin bayansa. Don haka gara a san halinsa kafin a fid da kuɗi.

Asalinsa daga gabashin Amurka ta Arewa ne, inda yake fita da kansa a fadamu masu yashi da ruɓaɓɓen ganye. Mutanen can sun daɗe suna tono shi daga daji su dasa a gida, su zuba masa taki da farar ƙasa kamar yadda suke yi wa kowace shuka, shi kuwa ya yi ta mutuwa. Sai a 1910 wani masanin tsirrai na ma'aikatar noman Amurka, Frederick Coville, ya nuna cewa ƙasa mai tsami yake so. Shi da Elizabeth White, 'yar wani manomi a jihar New Jersey, suka zaɓo itatuwan daji masu kyau suka haɗa su barbara, a 1916 aka kai amfanin farko kasuwa. Abin da Coville ya gano shi ne har yau ke kashe bulubari a hannun sababbin masu shuka: abin da ke gyara mangwaro da lemu shi ke lalata shi.

Dalili yana cikin saiwa. Saiwoyinsa sirara ne ƙwarai, ba su da ƙananan gashin da saiwar sauran tsirrai ke tsotsar ruwa da su, kuma yawancinsu ba su wuce santimita 30 zuwa 40 a zurfi. Irin wannan saiwa ba ta iya huda laka, ba ta jure ƙishirwa ko ta yini ɗaya a lokacin zafi, ba ta jure kwanciyar ruwa, kuma gishiri kaɗan ya ishe ta ƙonewa.

Tsamin ƙasa

Ana auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya da lemun tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka. Yawancin kayan garka sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Bulubari yana son 4.5 zuwa 5.5. Ratar kamar ba ta da yawa, amma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato ƙasa mai 5 ta fi mai 7 tsami sau ɗari. Da zarar an haura 6, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa sai ya koma yanayin da saiwar bulubari ba ta iya ɗauka. Ƙarfen yana nan, amma itacen na jin yunwarsa. Alamar ita ce sababbin ganyayen kan reshe su yi rawaya, jijiyoyinsu su zauna kore, daga baya bakin ganyen ya ƙone, girma ya tsaya.

A nan Yamai da Tawa suka bambanta. Jigawar da ke kewaye da Yamai mai tsami ce da ma. Yashin Sadore, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take, yana kusa da 5. Sai dai ƙasar cikin gida ba ƙasar jigawa ba ce. Shekara da shekaru ana zubar da tokar murhu, ruwan wanki mai omo, ɓaraguzan siminti da kashin awaki, dukansu kuwa masu kashe tsami ne. A Adar, wato yankin Tawa, lamarin ya fi haka wuya, domin ƙasa ce mai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma ƙasar kwaruruka laka ce mai nauyi. Gwajin gida mai sauƙi ne: a ɗebi busasshiyar ƙasa cokali ɗaya, a ɗiga mata binega. In ta yi kumfa tana ƙara, akwai farar ƙasa a ciki, kuma farar wuta, wadda ake zubawa don ƙara wa ƙasa tsami, babu yawan da mai gida zai zuba ya rinjaye ta. Wanda ke son lamba tabbatacciya ya kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin binciken ƙasa na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Yamai.

Ko ina aka auna, hukuncin ɗaya ne ga mai gida: a manta da dasawa a ƙasa. A tukunya ne mutum ke da iko a kan abin da saiwa ke zaune a ciki.

Ruwa

Yawancin masu farawa kan ba da hankalinsu duka ga haɗin ƙasa su manta da ruwa, alhali ruwan ne mai yanke hukunci. Tukunya ɗaya a lokacin zafi tana shan lita uku zuwa biyar a yini. In ruwan yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, kowane ban ruwa tamkar an barbaɗa wa tukunyar kanwa ne kaɗan-kaɗan. Haɗin da aka fara da shi a 5 zai iya haura 6.5 cikin 'yan watanni, mai shi yana ta mamakin abin da ya sami ganye.

Ruwan da ya fi kowanne shi ne na sama. Yamai na samun kusan milimita 550 a shekara, Tawa ba ta kai haka ba, kuma kusan duka cikin Yuni zuwa Satumba yake sauka. Milimita ɗaya a kan rufi mai murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 20 zai iya tara kusan lita dubu goma a daminar Yamai, in akwai inda za a zuba. Matsalar wurin ajiya ce. Itace biyu na bukatar abin da ya kai lita 2,000 ko fiye a watanni takwas na rani. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi kafin a fara tara. Tankin roba ya fi na siminti, don siminti na sakar wa ruwa farar ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma mai kyau ne, kusan babu gishiri a cikinsa. A sa bokiti a ƙarƙashin bututun maimakon a bar shi yana jiƙa bango.

Pampon Yamai daga kogin Isa ake jawo shi, ruwan kogin kuwa ba shi da gishiri sosai, wannan babbar sa'a ce ga mutanen birnin. Duk da haka a auna, domin tacewa na iya ɗaga lambarsa. Ruwan rijiya da na foraj, a Yamai ko a Tawa, kowanne da halinsa. In butar dafa shayi tana yin farin ɓawo a gindi, ko sabulu na ƙin kumfa, ruwan mai nauyi ne.

Ruwa mai matsakaicin nauyi ana gyara shi da tsami kafin a zuba. Ana neman ya sauko tsakanin 5 da 5.5. A jarka mai lita 20 a fara da rabin ƙaramin cokali na garin tsamin lemu da ake sayarwa ga masu yin lemun roba da alawa, wato gram 2 zuwa 3, ko kuma babban cokali biyu na farin binega. A motsa, a jira minti goma, a tsoma takardar gwajin pH. In bai sauko ba a ƙara kaɗan, a sake aunawa, har a gano adadin da ya dace da wannan ruwan, sai a riƙe shi. A gyara ruwan da za a yi amfani da shi a ranar kawai, domin tsamin lemu da binega suna ruɓewa in ruwa ya kwana biyu, lambar ta koma sama. Kada a kusanci ruwan batir. Manyan gonaki na amfani da asid mai ƙarfi, amma da famfon awo da kayan kariya, ba a tsakar gida da yara ba.

Tsami na gyara farar ƙasa, ba ya cire gishiri. In an ɗanɗana ruwan rijiya aka ji ɗan gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa, wannan ruwan ba na bulubari ba ne ko da an yi masa me. Mai irin wannan ruwa, da mafi yawan masu garka a kwarurukan Adar, za su fi cin riba in suka sa ƙarfinsu a magarya mai aure da ake kira tuffar Sahel, ko rumman, ko gwaba, waɗanda zafi da ƙasar nan ba su dame su ba.

Sanyin da babu, da irin da za a saya

Bulubarin asali yana zubar da ganye ya yi barci a lokacin sanyi, kuma ba ya farkawa ya yi fure yadda ya kamata sai ya tara awoyi 800 zuwa 1,000 ko fiye a ƙasa da digiri 7. Daren ɗari a Yamai da Tawa yakan tsaya wajen digiri 15, ya ɗan sauka a wasu ranaku. Awoyin da muke da su a ƙasa da 7 kusan sifili ne. Duk irin da aka yi don Turai da arewacin Amurka, kamar Bluecrop, Duke da Jersey, ɓarnar kuɗi ne a nan. Zai yi kore wata biyu ko uku, ya rikice, ya ƙare. Su ne kuwa aka fi samu a shagunan furanni na Faransa, inda 'yan uwa matafiya ke sayo tsaraba.

Abin da ya buɗe wa ƙasashe masu ɗumi ƙofa shi ne aikin Jami'ar Florida, inda aka haɗa bulubarin arewa da wani ɗan uwansa na daji da ba ya zubar da ganye. Daga nan Sharpblue ya fito a tsakiyar shekarun 1970. Biloxi ya fito daga Mississippi a 1998, kuma shi ne Peru da Meziko suka fara gina nomansu a kai, domin yana fure ko bai ga sanyi ba, muddin ganyensa na nan kore. Ban da su akwai Sunshine Blue, gajere wanda ya fi sauran haƙuri da ƙarancin tsami, da Emerald, Jewel da Misty, masu bukatar ɗan sanyi fiye da Biloxi. Ga tsakar gida a Nijar, Biloxi ne zaɓi na farko, Sunshine Blue ko Sharpblue su zama abokan zama.

Amma kada misalin Peru ya ruɗi kowa. Gaɓar tekun Peru hamada ce don ba a ruwa, ba don zafi ba. Igiyar ruwan teku mai sanyi tana riƙe da yanayin wurin tsakanin digiri 15 da 30 kusan duk shekara. Agadir da Larache a Maroko su ma iskar teku suke sha. Mu kuwa a Afrilu da Mayu rana na haura digiri 40, dare ma ba ya sauka sosai. Bulubari ya fi aiki tsakanin 20 da 25, sama da 30 ya fara ja da baya, sama da 35 'ya'ya da ɗanyen ganye su fara ƙuna.

A sayi dashe, kada a sayi ƙwayar iri. Waɗannan nau'o'i haɗe-haɗe ne, ɗan da ya tsiro daga ƙwaya ba ya gadon halin uwa, yana ɗaukar shekaru, kuma abin da ake tallatawa a intanet da sunan irin bulubari sau da yawa wani abu ne dabam. Dashe mai shekara ɗaya zuwa biyu, da sunansa rubuce a jiki, shi ake nema. Mai sayarwar da bai san sunan nau'in da ke hannunsa ba, a bar masa kayansa. In daga waje za a shigo da shi, sai da takardar lafiyar tsirrai, kuma a daidaita isowarsa da Nuwamba ko farkon Disamba, don ya sami wata uku na sanyi ya kafa saiwa. Dashen da ya sauka a Maris da wuya ya ga damina.

Tukunya da abin da ke cikinta

Ana son mazubi mai lita 30 zuwa 40, mai faɗi fiye da zurfi, tunda saiwar gefe take bi. Rabin tanon roba ya yi, in dai ba a taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki ba. A huda gindinsa wuri goma ko fiye, faɗin yatsa, a ƙara wasu a gefe kusa da ƙasa. A ɗora shi kan bulo, ruwa ya sami hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga. Baƙar roba a ranar bazara tana dafa saiwar da ke jikin bango, don haka a shafa mata farin fenti, ko a naɗe ta da buhun algarara a riƙa jiƙawa. Wanda ya fi duka shi ne a saka tukunyar roba cikin babbar randa ta ƙasa mai huda a gindi, a cika tsakaninsu da yashi mai laima. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randa yana sanyaya saiwa.

Haɗin ciki ba ya bukatar ƙasar gona ko kaɗan. Rabi ya zama garin ɓawon kwakwa, wanda ake sayarwa a dunƙule ga masu rainon dashe. A jiƙa shi a tsiyaye sau uku da ruwa mai kyau, domin yakan zo da gishiri. Kashi uku cikin goma ƙaiƙayin shinkafa, wanda ba ya wuyar samu wurin masu casa a bakin kogi. A zuba masa tafasasshen ruwa don kashe ƙwayar ciyawa. Ɗanye ake so, ba ƙonanne ba, domin ƙonanne toka ne. Sauran kashi biyu yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, wankakke. In an sami turb, wato ruɓaɓɓen gansakukan da ake shigowa da shi daga Turai, a maye gurbin rabin kwakwar da shi, amma a duba buhun: wanda aka shirya don tumatir da kabeji an riga an sa masa farar ƙasa, marar gyara ake nema.

Kwakwa na tsayawa wajen 6, tana bukatar a sauko da ita. A gauraya garin farar wuta kimanin gram ɗaya ga kowace lita ta haɗi, wato gram 30 ga tukunya mai lita 30. Farar wuta ba ta aiki nan take, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke mai da ita tsami, sai da laima da ɗumi da lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: a haɗa tukunya tun Satumba, a riƙa jiƙa ta, a auna kafin dashe ya iso.

Ranar dashe a jiƙa saiwar, a ɗan warware ta da yatsu in ta nannaɗe, a zaunar da ita daidai zurfin da take a ledarta. Binne wuyan itacen na jawo ruɓa. A rufe saman da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi kaurin santimita 5, ban da jikin kara. Babu taki sai bayan sati uku ko huɗu. Duk furen da ya fito a shekarar farko a tsinke shi. Da ciwo, amma itacen da aka bari ya yi 'ya'ya kafin ya yi saiwa ba ya ƙetare bazara.

Wurin zama shi ne gabashin gida, inda rana za ta same shi daga hantsi zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bango ya kare shi da yamma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana son rana sosai, ita ke kawo fure da zaƙi. Daga Maris zuwa saukar ruwa a kafa masa ragar inuwa mai tare rabin haske, a sama da shi da akalla mita ɗaya don iska ta ratsa. Kada a jingina shi da bangon siminti da ke shan rana, ko a ajiye shi kan daɓen siminti. Ta gefen arewa maso gabas a kafa zana ta tare iskar hunturu, wadda ke busar da fure kafin ya ɗaura.

Ban ruwa kaɗan-kaɗan ne a kai a kai. Ƙaramin dashe a lokacin ɗari lita ɗaya a yini ta ishe shi. Babba a bazara sai an raba masa sau biyu ko uku, da asuba, da hantsi, da la'asar. A tura yatsa cikin haɗin: laima ake so, ba caɓi ba. Kowane ban ruwa a bari kamar kashi ɗaya cikin biyar ya tsiyaye ta gindi, shi ke fitar da gishirin da ke taruwa. Sau ɗaya a wata a tari wannan ruwan a faranti a auna shi. In ya haura 6 a ƙara tsamin ruwan ban ruwa, a barbaɗa farar wuta gram 5 a sama. In ya sauka ƙasa da 4.5 a dakatar da tsami.

Taki

Takin da ke hannun kowa shi ne ba ya so. Kashin shanu, na awaki da na kaji suna da gishiri kuma suna kashe tsami. Toka haramun ce a wurinsa. Takin 15-15-15 na kasuwa yawanci da sinadarin kolorid ake haɗa shi, wanda ke ƙona bakin ganyen bulubari. Sannan shi a siffar amoniyam ya fi shan abincin ganye, wato sinadarin nitrojin, ba a siffar nitrat ba.

Abin da ya dace shi ne salfet na amoniyam, mai kashi 21 cikin ɗari na nitrojin, wanda ke ciyarwa kuma yana ƙara tsami. A narkar da gram 10 a jarka mai lita 20, a ƙara gram 4 na salfet na potasiyam da gram 2 na takin MAP, wato fosfat na amoniyam, a yi ban ruwa da shi sau ɗaya ko biyu a sati lokacin da itacen ke toho. Sau ɗaya a wata a sa gram 5 na gishirin Epsom a jarkar, don magneziyam. In tsamin tukunya ya riga ya sauka ƙasa da 4.5, a koma ure, gram 5 a jarka. Mai amfani da ruwan sama zalla ya barbaɗa babban cokali ɗaya na garin jifsum sau biyu a shekara, yana ba da kalsiyam ba tare da taɓa tsami ba. Ba a zuba taki a busasshiyar tukunya, kuma a tsakiyar bazara a rage shi zuwa rabi ko a dakata, domin saiwar da ke fama da zafi ba ta ci, gishirin ne kawai zai taru. Ƙarin taki da niyyar gaggauta girma ya kashe bulubari fiye da yunwa.

Ganye na faɗin abin da ke faruwa. Rawaya a sababbin ganye da koren jijiya, tsami ne ya gudu. Takin ƙarfe mai alamar EDDHA, jan gari, yana dawo da kore cikin sati biyu, amma in ba a gyara ruwa ba rawayar za ta dawo. Tsofaffin ganye su koɗe gaba ɗaya, yunwar taki ce. Bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ga farin busasshen abu a saman tukunya, gishiri ne: a kwarara ruwan sama mai yawa ya wanke. Itace ya yi yaushi alhali tukunya a jiƙe take, saiwa ce ta ruɓe, kuma wannan ya fi faruwa a Agusta in hudojin gindi sun toshe. Da wuya a ceto shi.

Datsa, fure da tsinka

Tunda babu sanyin da zai sa shi barci, ana riƙe shi kore duk shekara, datsa ce ke tsara masa lokaci. Ƙullin fure yana samuwa ne idan yini ya gajarta kuma zafi ya sauka, wanda a nan ke nufin daga ƙarshen Oktoba. Lissafin ke nan: a datse a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli bayan ruwa ya zauna, ya yi sababbin rassa a damina, ya yi fure a Disamba da Janairu, 'ya'ya su nuna bayan wata biyu zuwa uku, kafin zafin Maris ya yi ƙarfi. Kada a datse a Afrilu ko da an gama tsinka, ganyen ne ke yi wa rassa inuwa, kuma sabon toho ba ya jure wannan rana. Wajen datsa a cire busassu, da sirara masu kwanciya, da rassan da suka riga suka yi 'ya'ya, a bar manyan karare huɗu zuwa shida. Sabon reshe in ya kai taƙi biyu a tsinke kansa don ya yi 'ya'yan rassa. A goge almakashi da barasar asibiti tsakanin itace da itace.

Furen fari ne, mai siffar ƙararrawa, yana kallon ƙasa, kuma sai an girgiza shi garin barbara ke zubowa. Aikin ƙudan zuma ne. Nau'i biyu kusa da juna na ba da 'ya'ya manya fiye da ɗaya. In zuma ba ta zuwa gidan, a riƙa ɗan kaɗa rassan da hantsi, ko a taɓa gindin furen da burushin haƙori mai batir. Ba a fesa komai lokacin fure.

Ƙurar hunturu na kawo jan gizo-gizon nan ƙanana da ke addabar tumatir da yalo. A riƙa wanke bayan ganye da ruwa sau biyu a sati. Farin ƙwaro mai kamar auduga yana ɓuya a hammatar reshe, tururuwa ke kiwonsa, a goge shi da hannu a kuma hana tururuwa hawa. In sun yi yawa a fesa man dogon yaro, ƙaramin cokali ɗaya a lita da ɗigon sabulu, da yamma bayan rana ta yi sanyi, ba da rana tsaka ba. Tsuntsaye kuwa suna riga mai gida ganin ɗan da ya nuna, sai an lulluɓe itacen da tsohon gidan sauro bayan fure ya zube. Akuya ba ta bukatar bayani.

Ɗan yana fara kore, ya yi ja-ja, ya koma shuɗi. Yin shuɗi ba shi ne nuna ba. A ƙara masa kwana uku zuwa biyar, sai wajen gindinsa ya daina ja kuma ya faɗo hannu da ɗan taɓawa, domin ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke. Gungu ɗaya ba ya nuna tare, ana bi ana tsinka kowane kwana biyu ko uku, da sassafe. Farin hazon da ke jikinsa kariya ce, kada a wanke sai za a ci. A firiji yana kai sati ɗaya zuwa biyu. A ƙasashen da suka dace da shi babban itace na ba da kilo biyu zuwa huɗu. A tsakar gidan Yamai, wanda ya cika kwanon sha ɗaya daga itace ɗaya a shekara ta biyu ko ta uku ya yi aiki, kuma in aka lissafa kwakwa, taki, raga da ruwa, na kanti ya fi arha. Shuka ce ta sha'awa, ba ta kasuwa ba.

Haɗin tukunya ba ya dawwama. A zafin nan kwakwa da ƙaiƙayi suna ruɓewa da sauri, su lotsa, su daina barin iska ta shiga. Duk shekara biyu, a Nuwamba, a zare itacen, a yanke kamar santimita 3 na saiwar gefe da ta gindi da wuƙa mai kaifi, a zuba sabon haɗin da aka riga aka sa wa farar wuta, a mai da shi daidai zurfinsa na da, a ajiye shi a inuwa kwana goma kafin a dawo da shi rana.